Motar da Ke Tashi Yau, Gobe Ta Ƙi: Ta Ina Ake Fara Bincike?

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota ya san wannan ɓacin rai. Da safe ka murɗa makulli ta tashi nan take, da azahar ka fito ka murɗa, shiru. Ka je ka ɗauko makaniki, yana sa hannu sau ɗaya ta tashi, ya bi ka da kallo kamar ka yi masa ƙarya. Motar da ta mutu murus ta fi wannan sauƙin magani, domin cutarta tana nan zaune ana ganinta. Ita kuwa mai tashi yau ta ƙi gobe, cin kuɗi gare ta. Wani kawuna, cikin wata biyu, ya sayi sabon batir da fulogai da famfon mai, amma motar ba ta fasa halinta ba.

Matsalar farko ta harshe ce, kuma mu ɗaliban harshe ya kamata mu fi kowa lura da ita. Kalmar "ta ƙi tashi" tana ɗauke da abubuwa uku daban. Akwai motar da ka murɗa makulli injin bai ko motsa ba. Akwai wadda injin yake juyawa sosai amma bai kama ba. Akwai kuma wadda ta kama, bayan daƙiƙa biyu ta mutu. Wanda ya ce wa makaniki "ta ƙi tashi" ya yi shiru, kamar marar lafiya ne da ya ce wa likita "ba ni jin daɗi". Saboda haka, ranar da abin ya faru, kafin ka kira kowa, ka kasa kunne.

Idan injin bai juya ba

A nan laifin yana tsakanin batir da kik, wato ƙaramin injin lantarkin da ke juya babban injin, da wayoyin da suka haɗa su. Gwaji mafi araha shi ne ka kunna fitilun gaba, wani ya tsaya yana kallo, sannan ka murɗa. Idan hasken ya dushe ƙwarai, ko ka ji "ƙas-ƙas-ƙas" da sauri, to wuta ba ta isa ba. Idan kuwa hasken yana nan tangaram kuma ba ka ji komai ba, umarnin ne bai kai ga kik ba.

Mai na'urar auna wuta ya fi samun tabbas. Batir mai cikakken caji yana nuna kimanin bolt 12.6 idan mota tana kashe. Lokacin da kik ke juyawa bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba. Idan injin yana aiki kuma, a sa ran ganin wajen 14, alamar altanato yana mayar wa batir abin da aka ci. Sai dai mai karatu ya lura, batir kan nuna 12.6 amma mota ta ƙi tashi. Dalili kuwa, kik yana jan wuta mai yawa, fiye da amfiya 100, kuma ɗan tsatsa ko sako-sako a kan batir ya isa ya tare ta. Rediyo zai yi, fitila za ta kama, domin abin da suke ja kaɗan ne, amma kik ba zai samu rabonsa ba. Girgizar hanya ce ke sa wayar ta zauna daidai yau, gobe ta goce. Wannan farin gari ko kore-kore da ke taruwa a kan batir ba ado ba ne. A kwance, a kankare, a ɗaure tamau. Haka nan a bi baƙar wayar nan mai kauri da ta tashi daga batir zuwa jikin mota da injin, domin ta nan wutar ke komawa, kuma ita aka fi mantawa da ita.

Idan ƙara ɗaya tak ka ji, "ƙas", sai shiru, zargi ya koma kan kik ɗin kansa. Direbobi sukan ƙwanƙwasa shi da sifana sai mota ta tashi. Ba tsafi ba ne. A cikinsa akwai 'yan guntayen gawayi da ke goga wuta, idan sun cinye sukan daina taɓawa, bugun ne ke mayar da su. Dabara ce ta isa gida kawai. Mai mota otomatik kuma ya gwada mayar da giya daga P zuwa N ya sake murɗawa. In ta tashi a haka, makunnin da ke hana mota tashi a cikin giya ne ya gaji.

Wani abu da nake ganin ya kamata a daina: cire kan batir injin yana aiki don a gwada altanato. A zamanin Fijo 504 ana yi a kwana lafiya. Motar yanzu kuwa tana da kwamfuta, kuma tsallen da wutar za ta yi yana iya ƙona ta.

Idan yana juyawa bai kama ba

A bar batir da kik, sun yi aikinsu. Injin fetur yana bukatar mai da iska da tartsatsi, kowanne a kan lokacinsa. Ka murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa, kada ka tayar. A yawancin motoci masu injekta za ka ji wani siririn gurnani daga wajen tanki na kamar daƙiƙa biyu. Famfon mai ke nan. Idan kullum kana jin sa, ranar da ta ƙi tashi kuma ba ka ji ba, ka kama bakin zaren. Amma kada a yi gaggawar sayen famfo, a fara duba fiyus da rile, wato ɗan makunnin da ke ba famfon wuta. Motocin Honda Accord da Civic na wajen 1990 sun yi suna a kan wannan: dalmar da ke cikin babban rilensu takan tsage, idan mota ta sha rana tsagewar ta buɗe, ta ƙi tashi, da an buɗe ƙofofi ciki ya huce sai ta tashi.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi kowace amfani, wato yaushe take ƙi? Motar da ke tashi da sanyin safiya, amma in ta yi zafi aka kashe sai an jira rabin awa, sau da yawa na'urar da ke sanar da kwamfuta juyawar injin ce, ko kwayil. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, siririyar wayar da ke ciki ta rabu, in ya huce ta sake haɗuwa. Wadda ke ƙi bayan ruwan sama ko bayan wanki, a duba laima a cikin distiributa da wayoyin fulogi. Wadda kuma ke nauyin juyawa da asubar hunturu kawai, batirinta ne ya tsufa, domin sanyi yana rage masa ƙarfi.

Idan ta kama ta mutu nan take, ko wata fitila mai hoton makulli tana ƙyaftawa, a gwada ɗaya makullin. Makullan motocin zamani suna da ɗan ƙwayar lantarki a ciki, idan mota ba ta gane shi ba takan hana injin aiki.

Na'urar bincike ma tana taimakawa. Tun daga 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suke zuwa da mahaɗar OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, kuma tokumbo da yawa daga can suke. Kwamfutar takan adana lambar laifin ko bayan motar ta tashi, saboda haka kada a bari a goge kafin a rubuta. Sai dai lambar unguwa take nunawa, ba gida ba. In ta ambaci wata na'ura, mai yiwuwa wayar na'urar ce ɓera ya ci.

Shawarata ita ce a ajiye ɗan littafi a mota. Duk ranar da ta ƙi, a rubuta lokaci da yanayin gari, injin da zafi ko da sanyi, da ƙarar da aka ji. A ɗauki sautin da wayar hannu in da hali. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 a jere, kik yana ƙonewa. Kuma kada a yarda a sauya abu biyu a rana ɗaya, don in ta gyaru ba za a san wanne ne ba.

Shi kawuna sai da wani mai gyaran wayarin ya sa shi ya zauna ya ba da labari dalla-dalla. Da ya ce injin ko motsi ba ya yi, kuma abin ya fi faruwa bayan ya bi hanya mai gargada, sai mutumin ya leƙa ƙasan injin ya girgiza baƙar wayar nan da hannu. Notin da ke riƙe da ita ya kwance, saura kaɗan ya faɗi. Tsohon famfon man da aka cire yana nan a but, lafiyarsa ƙalau.