Galahanga: Yaran da Ba Su Shiga Lissafi Ba

A 'yan shekarun nan kalmar galahanga ta fara shiga bakin mutanen Dutsin-Ma ta rediyo da wayar hannu, musamman idan 2 ga Afrilu ta zagayo, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa masu wannan lalura. Alƙaluman da ake karantowa kuwa duk baƙi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a baya ta daɗe tana kiyasin yaro ɗaya cikin ɗari, a Amurka ƙidayar 2020 ta nuna ɗaya cikin 36. Can har akwai shirin SPARK, wanda tun 2016 yake haɗa iyalai da masu bincike ta intanet. A nan, yaron da bincike yake gani shi ne wanda ya isa babban asibiti a Kano, Zariya ko Kaduna.

Yaron ƙauyen Kurfi ba kasafai yake isa can ba. Ya shekara huɗu bai ce "Inna" ba, yana toshe kunne idan injin niƙa ya tashi, yana jera marafan kwalba tun safe har azahar. Kaka ta ce iska ce, maƙwabta su ce nauyin baki ne, zai sake. A tafi ruƙiyya, a sha rubutu, a yi hayaƙi. Kafin a tuna da likita kuɗin mota sun ƙare, ga hanyoyin yankin da 'yan bindiga suka mayar abin fargaba.

Sai rashin yarda, kuma ba a banza ba. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano; cikin ɗari biyu da aka sa a gwajin, 11 suka mutu. Wannan tabo yana cikin abin da ya rura ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003. Uban da ya ji an ce ya dangwala yatsa a takarda don "bincike" yana da dalilin janye hannunsa.

Abin da ya fi damuna shi ne ma'aunin kansa. Takardar tantancewa ta M-CHAT, da aka tsara a Amurka, tana tambayar uwa ko yaro na waiwayowa idan ta kira sunansa. To uwar da kunya ta hana ta ambatar sunan ɗan fari fa, me za ta ce? Haka batun haɗa ido: mu nan yaron da ya tasa yana zura wa babba ido, marar kunya ake ce masa. Fassara kaɗai ba ta gyara wannan.

Sakamakon a fili yake. Wanda ba a ƙirga ba, ba a yi masa kasafi. Dokar kare masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 tana kan takarda kawai, malamin firamare kuma yana dukan yaron da sunan taurin kai.

Alhali kayan aikin ƙidayar na nan cikin garin Dutsin-Ma: Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, cike da ɗaliban da suka san gidajen, har da sunan da ake sakaya ɗan fari da shi. Sai dai kafin su ɗauki biro, su tanadi amsar da za su ba uwar da za ta ce: "Malam, in na gama amsa tambayoyinku, ina zan kai shi?"