Kundin Aikin Jarida: Ɗan Gwiwa Ya Fara Duba Gida

Duk ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe a sashen koyar da aikin jarida, ko a Jami'ar Bayero ta Kano ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ba ya karɓar digiri sai ya rubuta kundin bincike, wanda ɗalibai ke kira furojet. Tsarinsa sananne ne, babi biyar: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyoyin bincike, nazarin bayanan da aka tattaro, sai kammalawa da shawarwari. Amma tun daga zaɓen batu ake gane wanda zai sha wuya. Da yawa sukan ɗauko batu mai faɗi kamar tasirin Facebook a kan matasan Najeriya, wanda an riga an tatse shi, sai aikin ya koma kwafe-kwafe. Ɗalibin da ya fito daga Gwiwa, Roni ko Kazaure a Jihar Jigawa yana da abin da ya fi wannan a ƙofar gidansu.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, manyan kafofin labaranta suka taru a Dutse, manoman Gwiwa kuwa, da ke iyaka da Katsina, suna kama tashoshin Kano da na Katsina, ga Sashen Hausa na BBC da ya fara aiki tun 1957. To wace tasha manomin Korayel ko Buntusu da ke yankin Gwiwa yake yarda da ita idan ana batun taki ko hasashen damina? Matan da ke cikin gida, ta rediyo suka fara jin batun rigakafi, ta bakin mai unguwa, ko ta saƙon murya a WhatsApp? Irin wannan tambaya mai iyaka ita ake iya amsawa cikin zangon karatu biyu.

Za a ce ai babu littattafan da aka rubuta kan Gwiwa, da me za a cika babi na biyu? Rashin rubutun shi ne giɓin da malamin da ke duba aikin yake son ɗalibi ya nuna. Nazarin rediyo da raya karkara yana da yawa a ɗakunan karatu, tarihin jarida da Hausa kuma ya daɗe, ga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa tun 1939. Aikin ɗalibi shi ne ya gwada waɗannan ra'ayoyi a garinsu. Za a kuma ce sanayya tana kawo son kai. Haka ne, shi ya sa dole ya bayyana yadda ya zaɓo mutanensa daga mazaɓu daban-daban, kada ya tsaya kan 'yan uwa da abokan majalisa.

Sauran kuma tsari ne. Takardar tambayoyi da Turanci ba ta da amfani ga wanda karatunsa na allo ne, gara a zauna a yi hira da Hausa, a naɗi murya da izininsa. A fara gaida dagaci kafin a shiga gari, a nemi mace ta yi hira da mata, a kauce wa tsakiyar damina lokacin da kowa ke gona. Wanda ya bi wannan hanya, ranar kare kundi babu tambayar da za ta firgita shi, domin kowane adadi da ke babi na huɗu ya san daga bakin wa ya fito. Ya kuma riga ya koyi ainihin sana'ar: zuwa wurin da abu ya faru, tambaya, da tabbatarwa kafin rubutu.