Hasken Gida Lokacin Sallah

Idan Sallah ta zo, gidajen Birnin Zazzau kan cika da baƙi masu kallon hawa. Daga Ƙofar Doka har Babban Dodo, kowa na son zaurensa ya haskaka da dare.

Wannan ba ya bukatar kuɗi da yawa. Maginan da kan bar alkuki a bango don ajiye fitila. A shafe bangon da farar ƙasa, domin fari yana ƙara haske. A goge ƙwan fitila, a datse lagwani don kada ya yi hayaƙi.

Amma a yi hattara da gobara. Kada a zuba kananzir fitila tana ci. A nesanta ta da labule, gidan sauro da yara. A kashe ta kafin barci.