Kayan Tunawa daga Tsofaffin Jiragen Ruwa

'Yan'uwana mata, ko kun san Turawa ba su yar da tsohon jirgin yaƙi haka nan? In ya tsufa ko ya karye, sai su ɗebi katakonsa da jan ƙarfensa su ƙera 'yan kayan ajiyewa a ɗaka don tunawa. A 1897 guguwa ta buga jirgin Foudroyant, wanda jarumin Ingila Nelson ya taɓa hawa, ya farfashe a gaɓar Blackpool. Katakonsa aka yi kujeru da tebura da shi, jan ƙarfen kuwa aka buga lambobi aka sayar.

To, mu ma nan bakin Kwara muna da namu labari. A 1805 Mungo Park ya haɗa jirgi daga kwale-kwale biyu a Sansanding, cikin ƙasar Mali ta yanzu, ya ɗora masa bindigogi, ya sa masa suna Joliba. Ya wuce Yawuri, ya gangara ta gefen ƙasar Ngaski, a 1806 jirgin ya maƙale a duwatsun Busa, Park ya nutse a nan. Da Richard Lander da ƙanensa suka zo Busa a 1830, sai wani mutum ya kawo musu littafin lissafi na matuƙan jirgi, wanda aka tsamo daga kayan Park. An nannaɗe shi cikin zane, ana tattalinsa kamar abin gado. Shekara 24 ke nan, ku duba fa, bai ɓace ba!

Yau duwatsun nan da tsohuwar Busa suna ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968. Ruwan ya ci garuruwa da gungaye, dubban mutane suka tashi da abin da suka iya ɗauka. Wannan shi ne abin da ya fi damuna, don kayan nan suna ƙarewa a murhu ɗaya bayan ɗaya.

Uwargida, leƙa rumbu da bayan ɗaki. Tsohon turmin nan, ko filafilin da ya tsage, ko ƙyauren da surukarki ta taso da shi daga tsohon gari, kada ki faskara. Kafinta zai iya mai da guntun kwale-kwale 'yar kujera. Ke kuma 'yar makaranta, zauna da kakarki ki tambaye ta sunan garin da aka ɗauko shi da mai shi na fari, ki rubuta a takarda, ki liƙa a ƙarƙashinsa.