Norwe: Ƙasar da ta miƙa gefen hanyoyinta ga masu zanen gine-gine

A shekarar 1994, hukumar kula da hanyoyin mota ta ƙasar Norwe ta ɗauki wani aiki da ba a saba jin irinsa daga ma'aikatar ayyuka ba. Ta zaɓi wasu hanyoyin karkara masu ratsa duwatsu da gaɓar teku, ta gayyato masu zanen gine-gine, ta ba su aikin tsara wuraren da matafiyi zai tsaya: inda zai ajiye mota, bencin da zai zauna, makewayin da zai shiga, da dandamalin da zai hau ya kalli ƙasa. Yau hanyoyin sun kai 18, tsawonsu a haɗe ya kai kimanin kilomita 2,000, daga Jæren a kudu maso yamma har zuwa Varanger da ke ƙuryar arewa, kusa da iyakar Rasha.

Dalilin aikin na neman abinci ne. Norwe doguwar ƙasa ce mai mutane kimanin miliyan 5.5, kuma ƙauyukanta na bakin teku sun daɗe suna rasa matasa zuwa birane. Lissafin gwamnati shi ne, idan baƙo ya samu abin da zai tsayar da shi a hanya, zai kwana a masaukin ƙauye, ya ci abinci, ya sayi abin hannu. Wanda ya ziyarci ƙasar zai tarar cewa wannan tunani, na kyautata abin da kowa ke amfani da shi, ya ratsa komai nasu, daga kujerar yaro har zuwa takardar kuɗi.

Oslo: rufin da ake takawa

Mafi yawan baƙi ta Oslo, babban birnin ƙasar, suke shiga. A unguwar Bjørvika, wadda a da tashar jiragen ruwa ce da babbar hanyar mota ta raba da gari, akwai gidan wasannin Ofera da aka buɗe a 2008. Rufinsa na farin dutsen mabul ya gangaro kamar tudu har ya shiga ruwa, kuma kowa na iya hawa ya yi yawo a kai ba tare da tikiti ba. Wanda bai taɓa sha'awar abin da ake rerawa a ciki ba, yana da rabonsa a ginin da aka yi da harajinsa. Kamfanin Snøhetta ne ya zana shi, kuma shi ne ya zana sabon babban ɗakin karatu na Iskandariyya a Masar, wanda aka buɗe a 2002.

Kusa da shi akwai ɗakin karatu na Deichman da aka buɗe a 2020, sai dogon gidan adana zane-zanen Edvard Munch da aka buɗe a 2021. A ɗaya ɓangaren gari kuma an buɗe Gidan Tarihi na Ƙasa a 2022, inda aka tara zane-zane da kayan ɗaki da tufafi. Wanda ke son fahimtar salon ƙirar Norwe kafin ya fita karkara, nan ya kamata ya fara.

Ko kuɗin da zai riƙe a hannu darasi ne. Takardun kuron da aka fara fitarwa a 2017 duk a kan teku aka gina zanensu, kuma takardar kuron 200 hoton kifin kod ne a fuskarta, a wurin da wasu ƙasashe ke sa shugabanni.

Kayan da buƙata ta haifa

Shahararrun ƙirƙire-ƙirƙiren Norwe ƙananan kayan gida ne. A 1925 wani kafinta a garin Lillehammer, Thor Bjørklund, ya ƙera abin yanka cuku siriri-siriri, inda ya kwaikwayi ƙarfen da yake kankare katako da shi. Da wuya a shiga ɗakin girki a ƙasar ba a same shi ba.

A 1972 Peter Opsvik ya lura cewa ɗansa ƙarami ya wuce kujerar jarirai, amma ta manya ta yi masa girma, ƙafafunsa na lilo. Sai ya ƙera kujerar Tripp Trapp, mai mazauni da matakin ƙafa waɗanda ake matsar da su sama ko ƙasa yayin da yaro ke girma, ta yadda zai zauna daidai da kowa a teburin cin abinci tun yana jariri har ya zama babba. Kamfanin Stokke ya sayar da fiye da miliyan 10.

Saƙa ma tana da nata tarihi. Safar hannu ta garin Selbu, baƙi da fari, mai fure mai kusurwa takwas, ana danganta ta da wata yarinya makiyayiya, Marit Emstad, a wajajen 1857, kuma ta zama sana'ar da ta ciyar da garin shekaru masu yawa. Rigar sanyi ta Marius, da Unn Søiland ta tsara a 1953, ta ɗauki launukan tutar ƙasar: ja da fari da shuɗi. Mai saye ya duba tambarin da ke wuya, domin shagunan 'yan yawon buɗe ido na cike da kwaikwayon da aka saƙa a wasu ƙasashe.

Katako mai shekaru ɗaruruwa

Dazuzzuka sun sa katako ya zama kayan ginin Norwe tun fil azal. A tsakiyar zamani an gina majami'u na katako zalla sama da 1,000, amma 28 ne kawai suka rage. Ta Urnes, wadda aka gina a wajajen 1130, tana jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO tun 1979. Ta Borgund, mai rufi hawa-hawa da kawunan dodanni a ƙololuwa, ita ce ta fi zama yadda aka gina ta. Sirrin daɗewarsu biyu ne: ginshiƙan ba su taɓa ƙasa ba, a kan dutse suke zaune, sannan ana shafe bangon da kwaltar da ake tatsowa daga itacen fain, ana maimaitawa lokaci zuwa lokaci. Da an daina shafen da tuni sun ruɓe.

Gadon bai tsaya a tarihi ba. A 2019 an kammala Mjøstårnet a garin Brumunddal, bene mai hawa 18 da tsayin mita 85.4, wanda a lokacin ya fi duk wani ginin katako a duniya tsawo.

Zuwa yamma a jirgin ƙasa

Layin dogo daga Oslo zuwa Bergen, wanda aka buɗe a 1909, tafiyar kusan awa bakwai ce ta saman tsaunuka. Tashar Finse tana mita 1,222 sama da teku, kuma ana iya ganin ƙanƙara a wurin ko da tsakiyar bazararsu. A Myrdal akan sauya zuwa ƙaramin layin Flåm, mai kilomita 20, wanda ke gangarowa daga tsayin mita sama da 860 zuwa bakin ruwa ta cikin ramuka 20, waɗanda 18 daga ciki da hannu aka haƙa su.

A nan baƙo zai haɗu da fiyod, wato dogon mashigin teku mai zurfi da ƙanƙarar zamanin da ta sassaƙa tsakanin duwatsu. Mafi girma shi ne Sognefjord, mai tsawon kusan kilomita 205 da zurfin fiye da mita 1,300. A saman wani reshensa, a Aurland, aka gina dandamalin Stegastein a 2006. Gada ce ta katako da ƙarfe da ta miƙe mita 30 daga jikin dutse, mita 650 sama da ruwa, ƙarshenta ya lanƙwasa ƙasa, gilashi kawai ke tsakanin mutum da sarari.

A ƙarƙashin wannan dutsen akwai ramin mota na Lærdal, mai kilomita 24.5, wanda aka buɗe a 2000 a matsayin mafi tsawo a duniya. Da yake tuƙin minti ashirin cikin rami na kawo gyangyaɗi, an sassaƙa manyan koguna uku a ciki, aka haska su da shuɗi da rawaya kamar ketowar alfijir, domin idon direba ya farka.

Bergen kuwa, garin da ruwan sama ke sauka fiye da kwana 200 a shekara, ya yi suna da Bryggen, jerin gidajen katako na fataken Jamus da suka riƙe cinikin busasshen kifi ƙarni da dama. Yawancin waɗanda ake gani yau bayan gobarar 1702 aka sake gina su, a kan tsohon fasali.

Garin da gobara ta sake haifa

A daren 23 ga Janairu 1904, wuta ta cinye garin Ålesund, mutane kusan 10,000 suka rasa matsuguni cikin tsananin sanyi. An sake gina shi cikin shekaru uku da dutse da bulo, a salon da ke tashe a Turai a lokacin, mai hasumiyoyi da ado na furanni. Wanda ya hau matakala 418 zuwa dutsen Aksla zai ga garin gaba ɗaya a shimfiɗe kan tsibirai. Yankin da ke kewaye da shi ne cibiyar kafintocin ƙasar. A ƙaramin garin Sykkylven kamfanin Ekornes ke ƙera kujerar hutu ta Stressless tun 1971.

Daga nan akan nufi Trollstigen, hanyar dutse mai kwana 11 masu kaifi da aka buɗe a 1936, ko Hanyar Atilantika, mai kimanin kilomita 8, wadda ke tsallaka ƙananan tsibirai a kan gadoji takwas.

Arewa: kifin da ke zuwa kasuwanninmu

A tsibiran Lofoten, can sama da da'irar Aktik, ɗan Najeriya zai ga abin da ya sani. Daga watan Fabrairu masunta ke rataye kifin kod a manyan ragayoyin katako, iska mai sanyi ta busar da shi cikin watanni ba tare da gishiri ba. Shi ne busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da Ibo ke kira okporoko, Yarabawa kuma panla. Najeriya na cikin manyan masu sayensa, musamman kawunan, waɗanda ake ɗaurewa dami-dami a turo ta Legas.

Can gabas a Vardø akwai Steilneset, abin tunawa da Peter Zumthor da Louise Bourgeois suka tsara, aka buɗe a 2011. Dogon zaure ne a bakin teku mai ƙananan tagogi 91, kowace da fitila ɗaya, don mutum 91 da aka kashe a yankin a ƙarni na 17 bisa zargin maita. Gwamnati ta sa shi cikin jerin wuraren da take kai baƙi, duk da cewa abin kunya ne a tarihinta.

Nauyin nasara

Dabarar ta ci, har ta fara yin nauyi. Ƙauyen Geiranger, wanda mazaunansa ba su kai 300 ba, yana karɓar dubban ɗaruruwan baƙi a 'yan watanni, da yawa a manyan jiragen ruwa masu barin hayaƙi tsakanin duwatsu. An kafa dokar hana hayaƙi a mashigan da ke jerin UNESCO, amma an ɗage wa manyan jirage wa'adin zuwa 2032. An rufe Trollstigen a kakar 2024 saboda faɗowar duwatsu. Dokar 1957 ta ba kowa damar yawo da kafa tanti a dajin da ba a nomawa, muddin ya yi nesa da gidaje da mita 150, amma mazauna Lofoten na kuka da shara da cunkoson motoci. A 2025 majalisar dokoki ta amince wa ƙananan hukumomin da abin ya shafa su karɓi harajin da bai wuce kashi 3 cikin 100 ba a kan kuɗin masauki.

Mai karatu zai ce arzikin mai ne ya yi duk wannan. Akwai ƙamshin gaskiya. An gano rijiyar Ekofisk a 1969, shekaru 13 bayan Oloibiri, kuma kuɗin man na shiga wani asusu ne da gwamnati ke ɗiban kimanin kashi 3 cikin 100 nasa a shekara. Sai dai yawancin abin da ke gefen hanyoyin nan benci ne da makewayi da shingen ƙarfe, waɗanda babban tsadarsu ita ce kulawa bayan an yanke ƙyalle.

Ga mai niyyar tafiya

Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai, amma bizar Shengen ake shiga da ita. Rayuwa na da tsada ƙwarai, kuma kusan komai da katin banki ake biya. Hanyoyin saman duwatsu da dama a rufe suke lokacin hunturu, don haka daga Yuni zuwa Agusta ne ya fi dacewa, tare da rigar ruwa da takalmi mai ƙarfi. A Lofoten rana ba ta faɗuwa daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli, abin da ke shafar lokutan salla da azumi. Musulmin garin Tromsø kan bi lokutan Makka a irin waɗannan makonni, kuma yana da kyau matafiyi ya tambayi malaminsa tun kafin ya tashi. Wanda zai hau Preikestolen, faffaɗan dutsen da ke mita 604 sama da ruwa, ya sani cewa babu shinge a bakinsa, kuma tafiyar ƙafa ce ta kusan awa huɗu zuwa da dawowa.