Lefidolit, dutsen da ke ɓarewa kamar albasa

Batirin wayar da ke gidanku yana aiki ne da wani ƙarfe mai suna litiyom, wanda ya fi kowane ƙarfe rashin nauyi. Ba a tsintar shi zalla a ƙasa, sai dai a fitar da shi daga cikin duwatsu ko ruwan gishiri. Ɗaya daga cikin duwatsun nan shi ne lefidolit.

Lefidolit ɗan gidan mika ne, wato duwatsun nan masu walƙiya da ke ɓarewa falle-falle. Sunansa ma daga harshen Girka ya fito, daga kalmar da ke nufin ɓawon jikin kifi. In ka sa wuƙa a gefensa sai ka ɗago falle siriri, ka lanƙwasa shi, ka saki ya miƙe. Ba shi da tauri, ƙusa ma tana karce shi.

Launinsa shuni-shuni ne, wani kuma ruwan hoda. To a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, su ɗauka duhun launin shi ke nuna yawan litiyom. A'a. Launin daga ɗan manganis ɗin da ke ciki yake. Litiyom kuwa in an ƙona garinsa, harshen wutar ne ke komawa ja wur.

A 1861 wasu masana biyu a Jamus, Bunsen da Kirchhoff, suka gano wani sabon ƙarfe, rubidiyom, a cikin wannan dutse. An daɗe ana zuba shi a haɗin gilashi da tangaran don su jure zafi. Yanzu kuma batir ya ɗaga darajarsa. Ana haƙo shi a Yichun ta ƙasar Sin, da Burazil, da Zimbabuwe, akwai shi kuma a jihar Nasarawa ta Nijeriya. Sai dai litiyom ɗinsa bai kai na dutsen sifodumin sauƙin tacewa ba: a gasa tulin dutse, a sami kaɗan, sauran ya zama shara.

Wasu kuma na sayar da shi a intanet wai yana yaye damuwa in an rataya a wuya. Gaskiya ne likitoci na ba masu wani irin ciwon ƙwaƙwalwa maganin litiyom, amma tacacce ne, a kan awo, suna kuma duba jinin mara lafiya a kai a kai, don in ya yi yawa guba ne. Rataya dutsen ba ya kai litiyom cikin jini, jiƙa shi a sha kuwa ganganci ne.