Sa Ido a Kan Na'urori: Ranar da Fayil Guda Ya Daina Isa

Manhajar sa ido a kan hanyar sadarwar kwamfuta aikinta shi ne bin na'urori ɗaya bayan ɗaya, tana duba ko suna aiki. Cikin fitattun irin waɗannan manhajoji akwai Nagios, wadda Ethan Galstad ya fitar a Amurka a 1999 da sunan NetSaint, aka sauya mata suna a 2002. Ba ta sanin na'ura sai wadda aka rubuta mata a fayil: sunanta, adireshinta, da abin da za a duba a jikinta.

A ƙaramar ma'aikata, fayil guda ya isa. Ɗan gajeren shirin da ma'aikaci ya rubuta don ƙirga na'urori ko haɗa rahoto, wannan fayil kaɗai yake buɗewa. Da na'urori sun yi yawa sai a rarraba su, manyan kwamfutoci daban, firintoci daban, kowane reshe da fayil ɗinsa. Shirin kuwa yana nan riƙe da tsohon fayil, yana ba da rahoto rabi da rabi.

Gyara mafi sauƙi shi ne a jera masa sunayen fayilolin da hannu, amma wannan ba ya ƙarko, don ranar da aka ƙara sabon fayil sai an tuna an saka masa sunansa. Abin da ya fi shi ne shirin ya faro daga inda Nagios take farowa, wato babban fayil mai suna nagios.cfg. A cikinsa, layin cfg_file yana nuna fayil guda, layin cfg_dir kuma yana nuna babbar jaka. Nagios takan shiga jakar har ƙananan jakunkunan da ke cikinta, ta karanta duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .cfg, ta tsallake sauran. Dole shirin ya bi wannan ƙa'ida, in ba haka ba zai kwaso tsofaffin kwafin da aka ajiye a gefe.

Wahalar tana gaba. Na'ura takan gaji wasu bayananta daga wani samfuri, samfurin kuma yana iya kasancewa a wani fayil daban. Saboda haka sai an karanta fayilolin duka an tara, sannan a bi wa ya gaji wa. Samfurin kansa, mai ɗauke da alamar register 0, ba na'ura ba ne, ba a ƙirga shi. Idan suna ɗaya ya fito sau biyu, shirin ya faɗi fayilolin da ya gan shi a ciki, kada ya zaɓi ɗaya a ɓoye.

Mafi haɗari shi ne fayil ɗin da ya ƙi buɗuwa saboda rashin izini. Shirin da ya wuce shi shiru ya ɓatar da na'urori daga lissafi ba wanda ya sani, don haka wajibi ne ya tsaya ya sanar. Bayan gyara, akan gudanar da umarnin nagios -v, wanda ke tantance fayilolin ya faɗi adadin na'urorin da ya gani, sai a gwada shi da adadin da shirin ya bayar.